Idan Fari Ya Zo, Me Ya Sa Gidan Talaka Ake Fara Hanawa?

Akwai wata magana da ake yawan ji duk inda ruwa ya yi ƙaranci a birni, wato da zarar dam ya fara ja baya an ce a rage wanka a daina wanke mota, sai ka ji wani ya miƙe a taron unguwa ko a gaban hukuma yana cewa to ai mu da muke nan ma ruwan bai ishe mu ba, ta yaya kuma za a ce za a gina sababbin gidaje ɗari biyu a kawo mana ƙarin baki? Kuma gaskiya idan ka ji maganar da farko sai ka ga kamar ba ta da makusa, ruwa kaɗan ne, mutane sun yi yawa, a dakata da gini har Allah ya kawo damina. Ni ma da haka na ɗauke ta. Amma da mutum zai zauna ya bi lissafin ruwan nan lita-lita ya ga ina yake tafiya, zai tarar gidan da aka fi saurin hanawa, wato gidan mai ƙaramin ƙarfi, shi ne ma ya fi kowane gida shan ruwa kaɗan.

Bari mu fara da abin da ake nufi da gida mai sauƙin kuɗi, don kalmar tana ruɗa mutane. Ba wai gida mai araha kawai ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a ƙasashe da yawa shi ne kada kuɗin haya ko biyan bashin gida ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu, in ya wuce haka to an shiga matsi, abinci da magani da makarantar yara su za su ji a jikinsu. Irin waɗannan gidaje yawanci ribarsu ƙanƙanuwa ce, magini ba ya rububinsu sai da tallafin gwamnati ko fili kyauta ko bashi mai rangwame, shi ya sa duk wani ƙarin kuɗi ko jinkiri da aka ɗora musu, ko na wata shida ne, yana iya kashe aikin gaba ɗaya. Mai gina katafaren gida na masu hali zai iya jira, zai iya biyan kuɗin haɗa ruwa ko nawa ne ya ɗora a kan mai saye. Mai gina gidajen haya na ma'aikatan asibiti da direbobi da masu shara ba shi da wanda zai ɗora wa.

Misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne na wani ƙaramin gari a jihar Kalifoniya ta Amurka, East Palo Alto. Garin masu ƙaramin ƙarfi ne da ke zaune a tsakiyar yankin manyan kamfanonin kwamfuta, maƙwabtansa duk masu kuɗi. A 2016 hukumar garin ta dakatar da ba da izinin haɗa ruwa ga sababbin gine-gine saboda kason ruwan da aka ware musu ya ƙare, kuma cikin ayyukan da suka tsaya cak har da gidaje kusan 120 na masu ƙaramin ƙarfi. Abin lura a nan, ba wai yankin ne ba ruwa ba, maƙwabta suna da kason da ko shanye shi ba sa yi, rabon ne aka yi shi tun shekaru da yawa baya ba tare da an kula da su ba. Sai a 2017 garin Mountain View ya sayar musu da haƙƙin galan miliyan 1 a kowace rana a kan dala miliyan 5, daga baya maƙwabcinsu garin Palo Alto ma ya ba su rabin miliyan, sannan aka buɗe gini. Ka ga kenan ruwan yana nan, takarda ce ta hana.

To ina ruwan yake tafiya? A duniya baki ɗaya kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗi da ɗan Adam ke ɗiba noma ne ke cinye shi, a Kalifoniya ma kusan kashi 80 na ruwan da mutane ke amfani da shi gona yake tafiya, birane duka da masana'antunsu suna raba sauran. Ban kawo wannan don a ce manomi ne mai laifi ba, abinci muke ci, amma dai a san girman abin da ake faɗa a kai. Sannan a cikin birnin kansa, ba a ɗaki ake ɓarnar ba, a tsakar gida ne da bayan gida. A Amurka an ƙiyasta kusan kashi 30 na ruwan gidaje a waje yake ƙarewa, ban ruwan ciyawa da furanni da cika wurin ninƙaya, a yankuna masu zafi da bushewa kuwa yana kaiwa kashi 60. Yanzu ka ɗauki iyali guda da ke zaune a hawa na uku a benen haya, ba su da ciyawa ba su da lambu, ruwansu na sha ne da girki da wanka da wanki da banɗaki, ka kwatanta da gida guda mai fili shimfiɗe da koriyar ciyawa da ake fesa wa ruwa safe da yamma a tsakiyar rani. Wallahi ba a haɗa su.

Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya nuna wannan ƙarara. Bayan shekara uku a jere damina ba ta yi kyau ba, a farkon 2018 hukuma ta sanar da ranar da ta kira Ranar Sifili, ranar da za a rufe famfunan gidaje kowa ya je ya yi layi ya karɓi lita 25. Daga 1 ga Fabrairu 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, kuma mutane sun yi ƙoƙari matuƙa, birnin ya rage shan ruwa da kusan rabi, ranar ba ta zo ba. Amma wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Sustainability a 2023 ya nuna masu hali, waɗanda ba su kai kashi 14 na mazauna birnin ba, su ke shan fiye da rabin ruwan birnin, alhali talakawa da mazauna unguwannin baca da suka haura kashi 60 na jama'a abin da suke sha bai kai kashi 30 ba. Mutanen unguwannin baca dama can a bokiti suke ɗibar ruwa daga famfon haɗaka, lita 50 ɗin da ta girgiza masu kuɗi su kam da yawansu ba su taɓa samunta ba. Kuma da abin ya yi tsanani mai kuɗi ya haƙa rijiyar burtsatse ya kafa tankuna, talaka kuwa ƙarin kuɗin ruwa ya tarar.

Sai kuma abin da masu cewa a daina gini suke mantawa, kuma a wurina shi ne gundarin maganar. Hana gina gida ba ya ɓatar da mutumin da zai shiga gidan. Yana nan, a cikin garin yake, ko dai ya cunkushe da iyalinsa a ɗaki ɗaya a tsohon gini mai bututu mai yoyo da masai na zamanin da, ko ya koma bayan gari can nesa inda ba bututun hukuma ya haƙa rijiya ya ja daga ruwan ƙarƙashin ƙasan da ake cewa ana karewa, ko ya kafa baca a bakin kwata yana sayen ruwa a hannun masu tanka da tsadar da ta ninka ta mai famfo sau da yawa. Duk inda ya je zai sha ruwa zai yi wanka. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya sha ta hanyar da ake iya aunawa da tsimi. Fiye da mutum biliyan 1 ne yau ke zaune a irin waɗannan unguwanni marasa tsari a duniya, kuma Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 28 ga Yuli 2010 ya amince cewa ruwa mai tsafta haƙƙi ne na ɗan Adam, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mutum na buƙatar tsakanin lita 50 zuwa 100 a rana don buƙatunsa na yau da kullum. Wannan kason babu farin da ya isa ya sa a ce wani ba zai samu ba, in dai ana ban ruwan ciyawar ado a garin.

Kuma fa sabon gida ba kamar tsoho ba ne wajen sha. Masai na da yana zubar da lita 13 ko fiye duk dannawa ɗaya, tun dokar da Amurka ta yi a 1992 aka ƙayyade sababbi kada su wuce lita 6, yanzu ma akwai masu madanni biyu da ke yin ƙasa da haka. Ka lissafa mutum biyar a gida kowa ya danna sau huɗu ko biyar a rana, ka ga bambancin ya kai ɗaruruwan lita a kwana biyu, a banɗaki kawai, ba a zo kan shawa da bakin famfo da injin wanki ba. Irin wannan ne ya sa birni kamar Los Angeles ya ƙaru da mutum kusan miliyan 1 daga shekarun 1970 zuwa yanzu amma ruwan da yake sha bai ƙaru ba. Yawan jama'a da yawan ruwan da ake sha ba dole su tafi kafaɗa da kafaɗa ba, an gani a zahiri.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don akwai wuraren da ruwan da gaske babu shi. Jihar Arizona ta Amurka tun 1980 tana da dokar da ta ce a yankunan da aka ware, kafin ka yanka filaye ka sayar sai ka nuna akwai ruwan da zai ishi gidajen shekara 100. A watan Yuni 2023 gwamna Katie Hobbs ta sanar cewa ba za a ƙara ba da wannan shaida ba ga sababbin rukunin gidaje a kewayen birnin Phoenix da suka dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda lissafi ya nuna ba zai kai ba. Wannan ba zalunci ba ne, sayar wa iyali gida a wurin da rijiyarsa za ta ƙafe kafin su gama biyan bashi shi ne zalunci. Kogin Kolorado da aka raba tsakanin jihohi bakwai na Amurka, har da Arizona, a 1922, an raba shi ne a kan lissafin shekaru masu ruwa sosai, an yi rabon abin da babu, sai ga shi a Agusta 2021 a karon farko gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a tafkin Mead, babban dam ɗin da ke kan kogin. Amma ko a nan ka lura da irin ginin da abin ya shafa, gidaje ne ɗaiɗai da ake ta shimfiɗawa cikin hamada nesa da gari. Darasin shi ne a duba ina za a gina da yadda za a gina, cikin gari inda bututu ya riga ya kai, a yi sama maimakon a bazu.

Akwai wata dabara da ni dai na fi ganin adalcinta, wato a ce wa magini in za ka gina gidaje da za su sha lita kaza a rana, to ka je ka tsimi lita kaza ɗin a wani wuri cikin garin. Birnin Santa Fe a Amurka ya yi haka, magina suka riƙa biyan kuɗin canja tsofaffin masai a gidajen mutane kafin a ba su izini. A Ingila ma a wani yanki na Sussex a Satumba 2021 an kafa sharaɗin cewa sabon gini kada ya ƙara ko ɗigo a kan abin da ake ɗiba, kafin a janye shi a 2025. Dabarar tana da kyau don tsohon mazauni ya samu sabon kaya kyauta, sabo ya samu muhalli, dam bai ji komai ba. Sai dai a Sussex ɗin an ga yadda ta tsayar da dubban gidaje na tsawon lokaci saboda an kafa sharaɗin ba a tanadi hanyar cika shi ba, ƙaramin magini bai san inda zai je ya sayi litocin da aka tsima ba. Don haka in za a yi, hukumar ruwa ce ya kamata ta riƙe asusun, ta yi gyare-gyaren da kanta ta tara litocin da aka tsima, sannan ta fara ware su ga gidajen masu ƙaramin ƙarfi kyauta ko da rangwame, manyan gidaje su saya da cikakken farashi.

Wajen nemo litocin kuwa ba sai an wahala ba. Las Vegas da ke tsakiyar hamada a jihar Nebada ta Amurka ta daɗe tana biyan mutane kuɗi su tumɓuke ciyawa su shuka abin da ke jure ƙishi, a 2021 kuma jihar Nebada ta yi dokar hana ban ruwan ciyawar da ba ta da wani amfani sai ado, irin ta tsakiyar titi da gaban ofisoshi, da ruwan kogin Kolorado daga farkon 2027. Kusan duk ruwan da aka yi amfani da shi a cikin ɗaki a can ana tace shi a mayar tafkin Mead, wanda aka fesa wa ciyawa ne ke tafiya ba dawowa. Wannan ma wata hujja ce ga gidan bene, ruwansa a magudana yake komawa a sake sarrafa shi. Sannan ga yoyo. A birane da yawa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka tace aka tura ba ya isa ga mai biya, yana zubewa a ƙasa ta fasassun bututu ko a sace shi a hanya, kuma abin takaici sai ka ga hukumar da ta kasa liƙe bututunta ita ce ke cewa ba ruwan da za a ba sababbin gidaje.

Maganar sake sarrafa ruwan da aka yi amfani da shi mutane suna ƙyamarta, na sani, amma birnin Windhoek na Namibiya tun 1968 yake tace ruwan magudana ya mayar da shi na sha, sama da shekara hamsin kenan. Singafo ma, ƙasar da kusan mutum 8 cikin 10 ke zaune a gidajen da gwamnati ta gina, ta ƙaddamar da nata mai suna NEWater a farkon shekarun 2000. A matakin gida kuwa ba sai an kai ga sha ba, ruwan wanka da na wanki ya isa zuba wa masai da ban ruwan bishiya, kuma a nan ne lokacin gini yake da muhimmanci, don saka bututu na biyu tun ana ɗora bulo kuɗinsa kaɗan ne, amma fasa bango bayan shekara goma a saka shi aiki ne da ba mai gidan hayar da zai yarda ya yi.

Ruwan sama shi ma lissafinsa mai sauƙi ne, milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, kenan rufi mai murabba'in mita 50 a garin da ake samun milimita 600 a shekara zai iya tara kusan lita 30,000, a cire abin da ya zube da na farkon ruwa mai datti. Yana taimakawa, amma kada a ɗauka shi ne magani, don a bene mai hawa biyar rufi ɗaya ne iyali ashirin ke rabawa, kuma a shekarar fari tankin ma babu abin da zai zuba cikinsa. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta wajabta tara ruwan sama a kowane gini tun 2003, an yaba mata sosai, amma duk da haka a Yuni 2019 manyan madatsun ruwa huɗu na birnin Chennai suka ƙafe har sai da aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa. Daga cikin dalilan akwai ramukan tara ruwan da aka gina don cika sharaɗi aka bar su suka toshe, da kuma tafkuna da fadamun da aka cike aka yi gini a kansu, su ne kuwa ke shayar da ƙasa. Birnin da ambaliya ta cinye a 2015 shi ne ya rasa na sha bayan shekara huɗu. A nan dole masu son a gina gidaje, irina, mu yarda cewa fili mai araha sau da yawa fadama ce, kuma gina gidan talaka a fadama cutarsa ne sau biyu.

Saura batun bil, wanda ba a cika kula da shi ba. Hukumomi da yawa suna amfani da farashi mai hawa-hawa, litocin farko da araha, in ka wuce wani mataki kuɗi ya ninka, don a ladabtar da mai ɓarna. Afirka ta Kudu ma ta fito da tsarin ba kowane gida lita 6,000 kyauta a wata a 2001. Niyya mai kyau ce, amma ana auna gida ne ba a auna kai, to gidan da mutum biyu ke ciki da gidan da mutum goma sha biyu ke ciki kasonsu ɗaya, kuma wa ke zama goma sha biyu a gida ɗaya in ba wanda haya ta fi ƙarfinsa ba? Haka nan benen da ke da mita ɗaya tal, iyali talatin a kanta, na'ura tana ganinsu kamar mutum ɗaya mai almubazzaranci sai a caje su a mataki mafi tsada, kuma wanda ya yi tsimi da wanda ya bar famfo a buɗe kuɗinsu ɗaya, to wa zai dage? Mita ga kowane gida tun daga gini, da kason da ya bi yawan mutanen ciki, su ne gyaran. Akwai kuma tsohuwar matsalar mai gida da ɗan haya, in ɗan haya ke biyan ruwa mai gida ba ruwansa da masai mai yoyo, in mai gida ke biya ɗan haya bai damu ba, shi ya sa barin abin a hannun kyakkyawar niyya ba ya aiki, sai an rubuta shi a dokar gini kamar yadda Ingila ta ƙayyade lita 125 ga kowane mutum a rana a sabon gida, ko 110 a inda ruwa ya yi wuya.

Ko da gwamna Jerry Brown ya umarci biranen Kalifoniya su rage kashi 25 a Afrilu 2015, ba a ɗora wa kowa daidai ba, garuruwan da ke shan da yawa an ce su rage har kashi 36, masu shan kaɗan aka sassauta musu. Irin wannan ma'aunin nake so a riƙa ɗauka zuwa teburin ba da izinin gini. In takardar gidaje ɗari na masu ƙaramin ƙarfi ta zo a shekarar fari, kafin a buga mata hatimin a dakata, a fara tambayar lita nawa za su sha a rana, sannan a tambayi hukumar ruwa lita nawa ke zubewa a bututunta a wannan ranar, da lita nawa ake fesa wa ciyawar ado, a ajiye lambobin uku a gaban jama'a kowa ya gani.